Ƙaramar Tukunyar Inna

A gidanmu ba a fita da yunwa. Dokar Inna ce, kuma dokar ta girme mu duka. Ko ka makara, ko mota na jiranka a ƙasa tana ta oda, sai ka sa wani abu a bakinka kafin ta matsa daga bakin ƙofa. Yaya, da gemunsa da jakar kayan gyaran firjinsa, har yau a tsaye yake kurɓar shayi tana ƙirga masa lomar burodi. Ni kuwa da nake koyarwa a makarantar 'yan mata, da wuya ranar da ba na tsintar dafaffen ƙwai a jakata tsakanin takardun ɗalibai.

"Auta, ke da kike kamar tsinken tsintsiya, iska ce za ta kai ki makarantar?"

Mu biyar ne a saman benen: Inna, ni, Yaya, matarsa da nake ce wa Anti, da 'yarsu Kurciya. Inna ce ta laƙaba mata sunan, don tun tana jaririya ba ta cika kuka ba, sai wani ɗan gurnani a maƙogwaro irin na kurciya a bakin taga. Ta haura shekara amma ba ta zama, wuyanta ma bai tsaya ba. Kanta ƙarami ne, hular da Anti ta ɗinka mata tun tana 'yar wata uku har lokacin tana shiga. Ga kuma jijjiga. Tana kwance lafiya lau sai ka ga ta sandare, hannuwa sun dunƙule, idanu sun kafe gefe guda. An canza mata magani ya fi a ƙirga, kowanne ya yi 'yan kwanaki yana aiki sai ya saki.

Wata rana wajen awon nauyi, ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta duba, ta sake dubawa, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Wai kuna ba yarinyar nan abinci kuwa?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, ina jin gajiya ce, layin ya kai har bakin matakala. Anti ta yi kamar ba ta ji ba. Inna kuwa, na ga yadda ta ja bakin mayafinta ta danne da haƙori. Har muka iso gida bakinta a rufe, ita da ko fitilar kan hanya sai ta yi wa faɗa in ta daɗe a ja.

Bayan nan aka tura mu wurin wata likitar yara, doguwar mace mai furfura a gaban goshi, mai saurin magana. Ta ce akwai abin da take zargi, a yi gwajin jini, kuma a kawo yarinyar da safe ba ta ci komai ba tun dare. Aka yi, sakamako ya fito ƙalau. Ta ce a sake. Aka sake, ya kuma fitowa ƙalau. Ranar Inna har da rawa a kicin, ludayi a hannu.

"Kun gani ko? Jinin ƙawata ya fi na ubanta kyau. Shi da aka auna nasa, rabi shayi aka samu."

Amma jijjigar ba ta ji labarin sakamakon ba, ta ci gaba da zuwa.

Ranar komawa wurin likitar na bi su, ni ce mai riƙe jakar kayan Kurciya. Inna ta zauna gida saboda gwiwarta. Likitar ta ce tana so a ɗebi ruwa kaɗan daga ƙashin bayan yarinyar, shi ne zai faɗi gaskiyar abin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa. Yaya ya gyara zama.

"Likita, ki yi haƙuri. Sau biyu jini ya ce ba komai. A kan me za a soki bayan yarinyar da ko zama ba ta yi? Ni in na sa mita a firji sau biyu ta ce min wuta na shiga, ba na fasa bayansa."

Likitar ta yi murmushi, ta ajiye biro.

"Ka yi gaskiya, ban yi muku bayani yadda ya kamata ba. Jikin mutum da ƙananan tubala ake gina shi, ana ce musu amino asid. Wasu daga abinci muke samunsu, wasu jiki ne ke ƙera abinsa. Akwai ɗaya, serin, ƙwaƙwalwa ba ta girma sai da shi, kuma abin da ke zuwa mata daga abinci ba ya isarta, dole ta ƙera nata. Mai ƙerawar wani sinadari ne da muke kira enzayim, ka ɗauke shi kamar ma'aikaci a cikin jiki. Zargina, nata ma'aikacin tun haihuwa ba shi da ƙarfi. In haka ne, akwai garin serin ɗin da ake ba yara irinta da yawa-yawa. Ba zai mayar da komai ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma sau da yawa jijjigar tana lafawa."

Anti ta matso gaba a kujerarta. "To me ya sa jinin bai nuna ba?"

"Shi ne abin da ya ɗaure min kai. Kin san rijiyar da idonta ya toshe? In aka juye mata bokitin ruwa sannan aka kira ki ki leƙa, cewa za ki yi rijiya lafiyarta lau. Haka jinin yake. In ta sha madara ko ta ci ƙwai kafin a ɗiba, serin ɗin abincin zai cika jinin na ɗan lokaci, ya rufe mana ido. Kun tabbata ba abin da ya shiga bakinta?"

"Wallahi ko nono ban ba ta ba," in ji Anti. "Daga wanka sai mota."

Wankan Inna ce ke yi. Kullum ita ke ɗaukar Kurciya da asuba, ta kai ta ɗakinmu, don Anti ta samu ta shirya tafiya shagon ɗinki. A nan zaune, jakar a kan cinyata, na tuna ƙaramar tukunya mai hannu ɗaya da ba a dafa komai a ciki sai madarar Kurciya. Duk ranakun gwajin nan biyu na gan ta a kife a bakin famfo, an wanke ta, tana ɗigar ruwa, tun kafin kowa ya ɗora shayi. Na tuna ɓawon ƙwai a saman shara. Na tuna yadda Kurciya ta yi barcinta a mota, baki a sake, kamar kowane yaro da ya ƙoshi.

Likitar ta dube ni, na sunkuya ina gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

Aka tsaya a kan za a sake gwajin jinin sau ɗaya. Yaya ya ce in ya nuna wani abu, ya yarda a taɓa bayan. In kuma ya fito kamar na baya, an rufe maganar, kada a ƙara sukar masa 'ya.

Kwanakin da suka biyo baya ban san me na koyar a aji ba. In na gaya wa Yaya, zai ɗaga wa Inna murya, abin da bai taɓa yi ba, kuma ba zai yafe wa kansa ba. In na gaya wa Anti, ban san da wane ido za ta ƙara kallon matar da ke goya mata 'ya tun safe har yamma ba. Ita Innar kuwa, ni ko kuɗin mota ban iya tambayarta kai tsaye ba tun ina ƙarama, sai in tsaya kusa da ita ina murza yatsu har ta gane. Sau biyu ina zama kusa da ita muna ninke wanki, in ce "Inna," ta ce "Na'am," in ce, "Wannan zanen naki ne ko na Anti?"

Ana gobe gwajin, da la'asar, jijjigar ta zo wa Kurciya a kan tabarmar falo. Inna ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta juya ta gefe, tana shafa bayanta tana cewa, "Ya isa, ƙawata, ya isa, dawo mana." Da ta lafa, yarinyar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Inna ta ɗauke ta ta kwantar a ƙirji, ta daɗe ba ta tashi ba.

Washegari, gari ya soma haske, na ji ta sauka daga gado. Na ji ƙarar ashana. Na tashi na bi ta.

Tana tsaye gaban murhun gas, Kurciya a goye, ƙaramar tukunyar a kan wuta. Gefe ga ƙwai ɗaya a ɗan faranti an ɓare, ta fara murƙushe gwaiduwar da bayan cokali.

"Inna."

Ko juyowa ba ta yi ba. "Koma ki kwanta, Auta. Ko yunwa ce ta tashe ki, yau an yi abin mamaki?"

"Inna, likita ta ce kada ta ci komai."

"Likita ta ce. Likitar ce ta yi renon yara shida? Ɗan kaɗan ne, kafin a isa ya narke. Su tsoron amai suke, ni kuwa ban taɓa bari ta yi musu amai ba." Ta rage murya. "Kada ki tashi mutane."

"Ba don amai ba ne."

"To don me? A zuƙe jinin yarinya kamar wannan, cikinta wayam? Me za su samu a ciki? Su duba su ga ba ƙarfi, su rubuta a takarda cewa gidanmu ba a ba ta abinci." Ta juyo, cokalin a hannunta. "Kina wurin ai. Kin ji abin da matar nan ta ce a gaban jama'a. Ni, a ce jikata na kwana da yunwa? Ba a gidana ba. Sau biyu ina gyara ta, sau biyu tana fitowa da sakamako mai kyau."

Madarar ta fara tasowa. Na miƙa hannu na rage wutar don kawai in samu abin yi. Sannan, idona a kan tukunyar, na faɗa mata maganar rijiya da bokiti, da ma'aikacin da ba shi da ƙarfi, da garin da ake bayarwa. Na faɗa a hargitse, na baya a gaba. Muryata ma ban gane ta ba.

"Inna, wannan ba jarrabawar da ake so ta ci ba ce. So ake a ga rashin. In ba a gan shi yau ba, Yaya ya ce an rufe maganar, ba za a ba ta maganin ba."

Ta tsaya tana kallona. Kurciya ta motsa a bayanta, ta yi ɗan gurnaninta, ta ji ƙamshin madara.

"Kenan da sakamakon ya fito da kyau…"

Na gyaɗa kai. Ta kashe wutar da kanta. Ta jawo kujerar roba ta zauna a bakinta saboda goyon, ta ɗora hannu biyu a gwiwa. Na ga leɓenta na motsi, na san watannin take lissafawa, tun daga gwajin farko.

"Ɗauko min filas," ta ce can. "Ƙaramin. In an gama ɗiba ai ba su hana ba ko?"

"Ba su hana ba."

"Kuma da ni za a je."

Ranar a karon farko aka fita gidanmu ba wanda ya karya. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a tare shi da kofi, da ya ga shiru ya ce, "Inna, lafiya? Ko an yi juyin mulki ne ban ji a rediyo ba?" Ta ce, "Wuce mu tafi, sarkin surutu."

Tun a mota Kurciya ta fara kuka. Ba gurnani ba, kuka sosai, siriri, mai shiga kunne. A ɗakin jira na wurin ɗibar jini benci uku ne da fanka ɗaya mai ƙara, mutane cike. Inna ta ƙi ba kowa ita. Ta sa ta a kafaɗa tana kai da komo tsakanin benci da taga, tana ɗingishi, jakarta a rataye, kan filas ɗin ya leƙo. Yarinyar na ta cusa baki a wuyanta tana nema. Wata mata da ke kusa ta ce, "Baba, yunwa take ji, ku ba ta wani abu mana." Inna ta ce, "Mun sani, 'yata," ta juya mata baya. Na ga hannunta ya kai kan filas ɗin, ya tsaya, ya koma bayan Kurciya.

Yaya ya fita neman wurin ajiye mota. Anti na zaune kusa da ni, ta zuba wa 'yarta ido.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wancan karon ba ta yi wannan kukan ba. Duka biyun barci ta yi."

Inna ta iso daidai gabanmu. Ta tsaya.

"Wancan karon a ƙoshe take," ta ce. "Ni na ba ta. Duka biyun."

Anti ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta tashi ta tafi bakin taga ta tsaya tana kallon motoci. Sai da aka kira mu ta dawo, ta karɓi 'yarta daga hannun Inna ba tare da ta kalle ta ba.

Mai ɗibar jinin wani mai ƙiba ne da tabarau a kan hanci. Ya ɗaura roba a ɗan hannun yana cewa, "Haba Hajiya ƙarama, wannan murya haka, ai sai ki kore min kwastomomi." Da ya zare allurar ya danna auduga, kafin ya ce an gama Inna ta riga ta buɗe filas. Ta zuba a kofin, ta gwada zafin a bayan hannunta, sai ta tsaya da shi a hannu. Ta miƙa wa Anti. Anti ta karɓa ta ba 'yarta da kanta.

Kwanaki gidan ba daɗi. Anti na gaida Inna da safe kamar yadda ta saba, har da durƙusawa, amma daga gaisuwar ba ƙari. Ta koma yi wa Kurciya wanka da kanta ko da za ta makara. Ita ta gaya wa Yaya, a ɗakinsu. Bai ce wa Inna komai ba, sai dai ya daina zolayarta, kuma ina jin da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Inna ta rage cin abinci. Na fara tsintar kaina ina tura mata faranti ina cewa, "Ɗan ƙara mana," tana cewa, "Ji 'yar nan, yaushe kika zama ni?"

Sakamakon ya fito, serin ɗin ya yi ƙasa sosai. Yaya ya sa hannu aka ɗebi ruwan bayan, ya tsaya a baranda ya juya wa ƙofar baya har aka gama. Ruwan ma ya nuna abin da likitar ta zarga.

Ranar da za a fara maganin duk muka je. Likitar ta ajiye farar roba a kan tebur, cike da gari fari kamar sukari, da ɗan cokalin awo a ciki. Anti ta yi tambayar da ke cin kowa.

"Likita, da tun gwajin farko aka gano fa?"

Inna na zaune a kujerar baya, ta sunkuyar da kai.

"Da mun fara da wuri, kuma da ta huta da wasu jijjigar. Ba zan ce babu bambanci ba," in ji likitar. "Amma yawancin abin tun tana ciki ya faru, ba wanda ya jawo shi. Ni ma da na faɗi dalilin hana ta abincin tun ranar farko, da ba mu zo nan ba. Umarni kawai na bayar." Ta tura robar gaba. "Yanzu ga aikin. Ana auna shi daidai, a dama a madara ko abinci, sau da yawa a yini, kullum, ba fashi. Jikinta ba ya ajiyewa. Wa ke tare da ita da rana?"

Fankar ofishin na ta juyawa. Yaya ya dubi matarsa. Anti ta ɗauki robar, ta juya ta a hannu tana karanta abin da ke jiki, ta daɗe. Sannan ta waiwaya.

"Inna ce," ta ce. "Ki nuna mata awon. In dai abin sawa a baki ne, ba za a taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Inna ta jawo kujerarta gaban tebur. Ta sa likitar ta auna sau uku tana kallo, sannan ta karɓi cokalin ta auna da kanta, ta share saman da bayan wuƙar roba kamar yadda aka nuna mata.

"Haka? Ko ya yi tozo?"

"Daidai ke nan, Baba."

Jijjigar ba ta tafi rana ɗaya ba. Ta fara yin nisa da juna, daga kullum zuwa jefi-jefi, har wata ranar Anti ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Auta, yaushe rabon?" muka kasa tunawa. Kurciya har yau ba ta zama da kanta, kuma likitar ba ta yi mana alkawarin za ta yi tafiya ba. Amma wuyanta ya fara tsayawa, kuma tana bin mutum da ido.

Wankan safe ya koma hannun Inna. Jiya na fito zan tafi makaranta na tarar da su a falo, Kurciya a jingine da filo, ƙaramar tukunyar a ƙasa, Inna na dama garin a kofi. Ta ɗaga cokalin sama, idon yarinyar ya bi shi. Ta kai shi hagu, ya bi shi. Sai ga ɗan hannun ya taso daga kan filo, a karkace, ya bugi cokalin, madarar ta zube a zanen Inna.

"Kai! Maman Kurciya, zo ki ga ɓarnar da 'yarki ta yi min! Yanzu sai na sake awo."

Anti ta fito da gudu, ɗankwali a hannu. Ni kuwa na lallaɓa zan wuce ta bayansu.

"Ke Auta, ina ganinki. Dawo ki ɗauki ƙwanki."